Rijiyar da ake ganin cikinta: kundin aikin famfo da awo

4 ga Fabrairu

Yau na ɗaure babban bututun a jikin bangon matakala. Tsawonsa mita 4, faɗin bakinsa milimita 75, na roba ne mai haske kamar gilashi. Shi ne bangon 'yar rijiyar gwajin da nake ginawa don kwaikwayon rijiyar mai. A cikinsa zan zura ƙaramin bututu mai milimita 32, wanda ruwa zai bi ya hau. Gefe guda na ɗora tanki a kan tebur mai tsawo, na haɗa shi da gindin rijiyar da tiyo, na sa famfon rufewa a tsakani. Tankin shi ne dutsen da mai yake kwance a ciki, famfon rufewar kuma shi ne ƙuncin ramukan dutsen: in na matse shi, rijiyar ta zama marowaciya, in na sake shi ta yi kyauta.

An ce gani ya kori ji, amma a rijiyar mai babu gani. Rijiyar da Edwin Drake ya haƙa a Titusville ta jihar Fensilbaniya a 1859 zurfinta ƙafa 69 da rabi ne kawai, kuma famfon hannu aka sa aka ɗebo manta. Yanzu rijiya takan yi mita dubu biyu ko uku, kuma ba wanda ya taɓa sauka ya ga abin da famfon ƙasa yake yi. Daga sama ake sauraro, ake auna nauyi, ake karanta matsi. Ina so in sami wurin da ido da na'ura za su kalli abu ɗaya a lokaci ɗaya, don in san inda na'ura take faɗin gaskiya da inda take buƙatar mai fassara.

Dalilin ɗago man da famfo ma mai sauƙi ne. Kowace mita 10 ta ruwa tana danna ƙasa da matsin da ya kai kusan bar 1. Sabuwar rijiya matsinta na iya turo mai har sama da kansa. Da shekaru suka ja, matsin ya ragu, ruwan gishiri ya yawaita, sai man ya hau ya tsaya a rabin hanya.

13 ga Fabrairu

Famfon ƙasa ya cinye mini kwana tara. Abu huɗu ne: silinda, fistin, da bawul biyu, kowanne ƙwallo ce a kan mazauninta. Ɗaya yana zaune a gindin silinda ba ya motsi, ɗayan yana cikin fistin yana hawa da sauka da shi. In fistin ya yi sama, ƙwallon cikinsa ta rufe, ya ɗauki duk ruwan da ke kansa, ta ƙasa kuma ta buɗe silinda ta cika. In ya yo ƙasa, ta ƙasa ta rufe, ta cikin fistin ta ɗaga, ruwan ya ratsa ya koma samansa.

Ƙwallayen na boris ne. Mazaunin farko da na huda a faifan tagulla bai riƙe ruwa ba: na cika bututun, kafin minti biyu ya zurare. Da na haska fitila na ga siririn zaren ruwa yana fita ta gefe ɗaya, wurin da bakin ramin ya ɗan yi kaushi. Sai da na manna wata ƙwallon a kan sanda, na shafa mata man goge bawul, na yi ta murza ta a kan ramin har ya fito da zobe mai sheƙi. Yanzu ruwan yana kwana a bututun.

21 ga Fabrairu

Na haɗa na sama. Injin waifar mota ne yake juya hannu, hannun yana ɗaga gindin wani katako da ke kan tsakiya kamar sikeli, ɗaya bakin kuma yana riƙe da sandar ƙarfe mai milimita 6 da ta sauka har fistin. Yana gyaɗa kai kamar ƙadangare a kan bango.

Da farko na ɗaure sandar kai tsaye a bakin katakon, sai ta riƙa karkata tana gogar bakin bututu, domin bakin katakon da'ira yake bi, ba miƙaƙƙen layi ba. A nan na gane amfanin wannan kan mai lanƙwasa da ma'aikatan mai suke kira kan doki. Na yanka filawud a lanƙwashe daidai da nisan tsakiyar katakon, na rataya waya a kansa, sandar ta miƙe sak.

Sannan injin yana nishi wajen hawa, yana sakin jiki wajen sauka. Maganin wannan Walter Trout ya fito da shi a 1925 a kamfanin Lufkin da ke Tekzas: nauyi a jikin hannun juyawa, wanda injin zai ɗaga lokacin da sanda take sauka, shi kuma ya taimaka lokacin da take hawa. Ƙa'idar ita ce nauyin sanda a cikin ruwa, a ƙara rabin nauyin ruwan da ake ɗagawa. Sandata kusan giram 800 ce a ruwa, ruwan da ke kan fistin kuma kilo ɗaya da rabi in ana ɗago shi mita 3. Na rataya abin da ya yi daidai da kilo ɗaya da rabi, muryar injin ta zama ɗaya hawa da sauka.

Lissafi: faɗin fistin milimita 25, tafiyarsa santimita 20, wato mililita 98 kowane bugu. Bugu 12 a minti ya ba da lita 1.18, a kwana kuma kusan ganga 10 da rabi, tunda gangar mai lita 159 ce. Bokitin lita 10 ya cika a minti tara da rabi. Kusan kashi 89 cikin 100 ke nan, sauran yana silalewa ta gefen fistin.

2 ga Maris

Na sa ma'aunin nauyi tsakanin waya da sanda, na sa wani irin ma'aunin a tsakiyar katakon don ya faɗi inda sanda take. Duka suna shiga allon Arduino, wata 'yar ƙaramar kwamfuta. Na daidaita na nauyin da gorunan ruwa, lita ɗaya kilo ɗaya. Injin yana cusa hayaniya a wayoyin, sai na raba musu batir.

9 ga Maris

Katin farko ya fito. Kati shi ne zanen da ake samu in aka sa wurin sanda a kwance, nauyinta a tsaye, aka bar bugu ɗaya ya zagayo. Nawa ya fito kusan akwati mai kusurwa huɗu. Ina kallon allo, ƙanena yana tsugune a ƙasan matakala yana kallon ƙwallayen yana kira mini: "Yaya, ta rufe!" Daidai lokacin layin ya tashi tsaye. "Ta buɗe!" Layin ya faɗo. Na daɗe ina karanta wannan a takarda, amma jin muryarsa tare da motsin layin ya shigar da abin jikina.

Sai dai wannan kyakkyawan akwati ƙaramar rijiya ce kaɗai take ba da shi. Girgiza tana bin ƙarfe da gudun kusan mita 5,000 a sakan. A sandata ba ta kai kashi ɗaya cikin dubu na sakan ba ta iso sama. A sanda mai mita 2,000 sai ta yi kusan sakan 0.4, ta kuma dawo ta sake komawa, ta haɗu da wadda ke biye da ita. Ga kuma miƙewa: sanda mai kaurin milimita 19 da wannan tsawon, in aka ɗora mata kilo 1,500, tana ƙaruwa da kusan rabin mita. Sama ya fara hawa, fistin yana nan zaune yana jiran sandar ta gama miƙewa. Saboda haka katin da ake ɗauka a bakin rijiya labari ne da ya biyo doguwar hanya, ya zo a hargitse.

Walton Gilbert na kamfanin Shell ya bi ta hanyar kai tsaye, a 1936 ya bayyana na'urar da ake zurawa can kusa da famfo ta zana katin a wurin. Matsalarta sai an zaro sandunan duka kafin a ga zanen. Sam Gibbs kuma a 1963 ya nuna cewa lissafin tafiyar girgiza a cikin sanda yana bayyana halin famfon gaba ɗaya, kuma daga nan aka kai ga ɗaukar katin sama a warware shi da kwamfuta har a fito da na ƙasa. A ganina wannan na cikin manyan ƙirƙire-ƙirƙiren wannan fanni, ko da yake ba ƙarfe ba ne, ba a iya ɗaukarsa a hannu.

Don in kwaikwayi miƙewar, na yanke sandar a tsakiya na sa sifirin. Akwatin ya jingina gefe nan take.

15 ga Maris

Na so in ga abin da ake kira dukan ruwa. Yana faruwa ne in famfo ya fi rijiya sauri: ruwa ya ja baya, silinda ta cika rabi, fistin ya sauko ta cikin fanko ɗauke da nauyinsa, sannan ya faɗa wa fuskar ruwa. Na matse famfon tanki, ruwan ya sauka har bakin famfo, iska ta shiga. Amma dukan bai zo ba. Kusurwar katin ta ƙasa ta lanƙwashe a hankali kawai.

Kwana biyu ina juya abin kafin in gane. Ƙwallon cikin fistin ba ta buɗewa sai matsin ƙarƙashinta ya kai na samanta. A rijiyata iskar da ta shiga tana kan bar 1, na sama kuma bar 1.4 ne kacal, don haka da iskar ta ɗan matsu ƙwallon ta ɗaga, tun kafin a iso ruwa. A rijiyar gaske ƙasa na iya zama bar biyu ko uku, sama kuma fiye da ɗari, sai gas ɗin ya ƙanƙance ya koma kamar babu, fistin ya iske ruwa da duk nauyinsa. Na sa bawul mai sifirin a mafitar ruwa, ya riƙe bar 2, na ƙara nauyin daidaitawa. Nauyin ruwa a kan fistin ya haura kilo 11.

Yanzu ga duka. Ana jinsa a jikin bango, kuma katin ya rasa kusurwarsa ta ƙasa ta dama kamar an gutsure ta.

Da yamma wani dattijo da ya yi shekaru yana kula da rijiyoyin mai ya zo gani. Bai kalli allo ba. Ya ɗora yatsu biyu a kan sandar, ya rufe ido, ya bari ta yi bugu uku. Ya ce, "Ɗana, rage mata gudu, ba ta da abin da kake nema." Na ce, "Baba, a ina kake jin dukan?" Ya ce a tsakiyar sauka, ya ɗan fi kusa da sama. Na duba katin, haka ne, silindar ta cika kusan kashi 60. Ya ce irin wannan duka shi ke lanƙwasa sanda ta riƙa cin jikin bututu har ta huda shi, shi ke fasa mazaunin bawul, shi ke gajiyar da haƙoran giya. Duk wanda ya ga mai ya ragu ya ƙara wa famfo gudu ba tare da awo ba, a cewarsa, kuɗin gyara yake tarawa.

23 ga Maris

Na rubuta wa allon umarni: in cikar silinda ta gaza kashi 75 sau uku a jere, ya kashe injin na minti biyu. Irin aikin da na'urorin kashe famfo suke yi ke nan a filayen mai. Dukan ya ɓace, injin yana hutawa. Ruwan da nake samu a awa ya ɗan ragu, kuma dalilin a fili yake a bututun: da ruwa ya taru a rijiya, nauyinsa yana danne mai shigowa. Rage gudun injin zuwa bugu 7 ba tare da tsayawa ba ya fi ba ni abin da nake so. Ruwan ya tsaya ɗan sama da bakin famfo, bai hau ba bai sauka ba.

6 ga Afrilu

Makon amsa-kuwwa. Dabarar tsohuwa ce, C. P. Walker ya rubuta a kanta a 1937, kamfanin Echometer kuma ya yi suna da ita. Ana sakin ƙara a ratar da ke tsakanin bututun bango da na ciki, ta sauka, ta bugi fuskar ruwa, ta dawo. Rabin lokacin sau gudun sauti shi ne nisan da ke tsakanin bakin rijiya da fuskar ruwa.

Mita 3 sun yi kaɗan, amon yana dawowa cikin milisakan 17, ya cakuɗe da ƙarar farko. Sai na shimfiɗa wata a ƙasa: bututu biyar masu mita 6, da ƙarami a ciki mai soket a kowane haɗi, ƙarshen ya lanƙwasa ya nutse a ruwa. Bindigata balan-balan ce da allura, kunnena makirufon waya. Babban amo ya dawo bayan milisakan 175. Kafinsa ga ƙananan haƙora a jere, kowanne milisakan 35 tsakaninsa da na gaba. Soket-soket ɗin ne.

Waɗannan haƙoran su ne hikimar. Gudun sauti ba ɗaya ba ne a kowace iska: a iskar da muke shaƙa mita 343 ne a sakan in zafi yana digiri 20, a gas ɗin methane ya haura 440, a iskar kabon dayoksaid bai kai 270 ba. Gas ɗin rijiya gauraye ne, zafinsa da matsinsa suna sauyawa da zurfi. To amma tsawon kowane bututun rijiya sananne ne, wajen ƙafa 31. Mai awo sai ya ƙirga haƙora har zuwa babban amo, rijiyar ta auna kanta da kanta. Na gwada: na cika shimfiɗaɗɗen bututun da iskar kabon dayoksaid ta kashe gobara, babban amon ya makara sosai, amma ya faɗo a kan haƙori na biyar kamar da.

Kumfa kuwa tana ruɗar da shi. Da na zuba sabulu na busa, amon ya dawo daga saman kumfar, ya nuna ruwa ya fi yadda yake yawa.

19 ga Afrilu

Na zare sanda da famfo don gwada ɗagowa da iska. Babu abin da ke motsi a ƙasa. Ana cusa gas a bututun ciki, ya gauraya da ruwa, ruwan ya yi sauƙi, matsin rijiyar ya iya turo shi. Wani Bajamushe masanin haƙar ma'adinai, Carl Löscher, ya gwada haka da iska tun 1797.

Ruwan rijiyar yana tsaye a mita 2.5, ramin iska yana can gindi, don haka ana buƙatar fiye da bar 0.25 kafin kumfa ɗaya ta shiga. Ɗan injin iskar tankin kifi da nake da shi ya kasa, yana ta ɓari a banza. Na huda rami na biyu mita 1 a ƙarƙashin fuskar ruwa. Iska ta shiga nan, ruwan sama ya yi sauƙi ya fara tofowa, matsin ƙasa ya ragu, na toshe na sama da hannu, na ƙasa ya karɓa. Abin da jerin bawul ɗin gas suke yi ke nan a rijiyar gaske, ɗaya bayan ɗaya daga sama zuwa ƙasa, kowanne ya rufe kansa in aikinsa ya ƙare. Wanda W. R. King ya sami rajistarsa a 1944, mai 'yar jaka ta ƙarfe cike da gas, shi ne kakan yawancin na yau.

Da na kawo kwamfuresa, wato injin matsa iska, na ga ɗaya gefen. Ƙarin iska yana ƙara ruwa zuwa wani mataki, daga nan ya tsaya, sannan ya fara raguwa. A bututun ana ganin dalili: ƙananan kumfa, sai dogaye masu kan harsashi da ke tura ruwa guntu-guntu, sai iska ta kama tsakiya tana gudu, ruwa ya koma siririn mayafi a jikin bango yana zamewa baya.

3 ga Mayu

Awon abin da ya fito ya fi ɗago shi wuya. Ɗan mitan mai farfela da na sa a mafita ya yi daidai da bokiti muddin ruwa zalla ne. Da iska ta shiga, farfelar ta riƙa gudu da iskar, ya ƙirga abin da bai zo ba.

Na gwada faifai mai rami a tsakiya, da tiyo mai lanƙwasa da ke nuna bambancin matsi gaba da baya. In gudun ruwa ya ninka biyu, bambancin ya ninka huɗu. Wannan ƙa'ida ce take aiki a mitan Venturi da Clemens Herschel ya ƙera a 1887, kuma faifai mai rami har yau da shi ake auna gas mai yawa. Amma ruwan famfon sanda zuwa yake yana tsayawa, kuma in ka ɗauki matsakaicin tsallen tiyon ka lissafa, sai ya ba ka fiye da gaskiya.

Dole na yi abin da filayen mai suke yi: rabawa kafin awo. Jarka mai mafita biyu, iska ta sama, ruwa ta ƙasa, kowanne da mitansa. Lambobin suka dawo kan bokiti. Akwai mitocin da ke auna mai da ruwa da gas a gauraye, suna haɗa Venturi da hasken gamma, amma wannan ya fi ƙarfin matakalata.

17 ga Mayu

Na mayar da famfon sanda, muka lulluɓe rijiyar da baƙin zane daga sama har ƙasa. Ƙanena yana shirya matsala a ɓoye, ni ina sama da kati kawai.

Biyar ya shirya. Dukan ruwa na gane shi a bugu na biyu. Gas a silinda ma haka, kusurwar ta lanƙwashe a hankali. Sanda da ya kwance daga fistin ta ba da siririn layi a kwance, babu nauyin ruwa. Hujin bututun ciki ya ɗan ɗauke ni lokaci, domin katin lafiya lau yake amma bokiti ba ya cika. Na biyar na kuskure. Ya sa zaren waya a ƙarƙashin ƙwallo ɗaya, na ce ta cikin fistin ce, ya ɗaga zanen ya ce, "A'a Yaya, ta ƙasa ce." Yoyon ya yi ƙanƙanta, sifirin da ke sandar kuma ya riga ya goge kusurwoyin.

Na kira Baba a waya na gaya masa. Ya ce kati mai tafiya ba ya raba wannan sosai, in tsayar da injin. In na tsayar ana hawa kuma nauyi ya riƙa zubewa, bawul mai tafiya ne, wato na cikin fistin, ko gefen fistin. In na tsayar ana sauka kuma nauyi ya riƙa ƙaruwa, na zaune ne. Mun sake lulluɓewa, na tsayar ana sauka, lambar ta fara hawa a hankali cikin sakan goma.

Famfon lantarki mai nutsewa, irin wanda Armais Arutunoff ya kafa wa kamfanin REDA a Bartlesville ta Oklahoma a 1930, ba zai shiga bututun milimita 75 da kayan da nake da su ba, na ajiye shi. Na René Moineau na Faransa, mai murɗaɗɗen ƙarfe da ke juyawa a cikin roba, shi ne na gaba, domin shi ake yabo a mai mai kauri da yashi. Na gama zanen murɗaɗɗen, saura a ƙera shi. Kafin ya iso zan zuba cokali biyu na yashi mai laushi a tanki, in ga kwana nawa mazaunin tagullar zai yi kafin zoben nan mai sheƙi ya fara yoyo.